Shekarar da Aka Hana Ni Yanka Ragon Layya

Ni ɗan mahauta ne, kuma ban taɓa ɓoye wannan ba, ko a lokacin da nake zaune cikin 'ya'yan malamai a Khartum ina karatun Shari'a, kafin yaƙi ya watsa mu. Mahaifina ya yi fawa, kakana ya yi fawa. Ranar da zan baro gida, sauran iyaye suna ba 'ya'yansu carbi da turare da doguwar nasiha, ni kuwa Baba sai ya naɗe wuƙarsa ta yanka a cikin wani tsohon ƙyalle, ya cusa ta can ƙasan akwatina, ya ce, "Ko ina ka je akwai mai buƙatar wannan." Na ji kunya a lokacin, don ni a ganina malami zan je in zama, na bar warin jini ke nan har abada.

A gidan kwanan ɗalibai akwai wani tsari da muka tarar wurin 'yan Sudan muka ɗauka, sunansa mez. Ku haɗu ku da yawa, ku haɗa cefane, ku riƙa girki bi da bi, ku ci a faranti ɗaya. Namu mez ɗin na Hausawa ne, 'yan Najeriya da 'yan Nijar. Muna da wata ƙatuwar siniya, wato tiren ƙarfe, da muke kewayewa a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, kowa ya ci gabansa. A garin nan ba a cin abinci a kaɗaice. Ko ɗan dako ne a kasuwar Suk al-Shabi ya buɗe kwanon ful, dafaffen wakensu, sai ya kira mai wucewa. In ka ga mutum yana ci shi kaɗai a bainar jama'a, to ko dai ba shi da lafiya, ko kuwa an guje shi.

Girkina ba abin yabo ba ne. Ranar da juyi ya zo kaina, sai ka ga mutane sun tuna suna da azumin nafila. Amma yanka nawa ne. In an sayo kaji, ni ake kira. In an yi wa wani haihuwa a gida aka ce za a ɗan yi walima, ni ake kira. Ragon layya kuwa, wanda muke haɗa hannu mu saya kowace Babbar Sallah, ba a ma tambayar wa zai yanka. "Ina ɗan fawa?" kawai za ka ji. Da farko sunan yana sosa min rai, daga baya na rungume shi. A wurin da kowa ke da abin taƙama, wannan da hadda, wancan da Larabci kamar a Makka aka yanke masa cibiya, ni ma na samu nawa. Jama'a guda su sa loma a baki ba su tambayi komai ba, don sun san hannun wa ya bi ta wuyan dabbar. Baba ya sha faɗa min a mahauta cewa mai sayen nama bai ga yankan ba, bai ji bismillarka ba, maganarka kawai ya riƙe ya kai wa iyalinsa. Sai a Khartum na gane abin da yake nufi.

Mai riƙe min ƙafafun dabba kullum shi ne abokin ɗakina, wani ɗan Maraɗi, siriri, mahaddaci, mai sanyin murya. Tare muka sauka a garin, tare muka hau motar da ta tsallaka da mu Bahri, can hayin kogi, alhali jami'a muka nufa. Lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, shi ya riƙa jiƙa tawul yana shafa min, yana tofa min addu'a, yana kuma yi min tsiya wai mahauci guda sauro ya kayar. A siniya gabansa na jikin gabana. Ya san ina son ɓargo, na san yana son hanta, sai mu riƙa tura wa juna ba tare da an yi magana ba.

A shekararmu ta uku aka sa mana darasin ra'ayoyin zamani, inda ake kawo abin da masanan waje suka faɗa a yi masa raddi. Wata rana aka zo kan juyin halitta, wato ra'ayin da ke cewa halittu sun fito daga tushe ɗaya, suna sauyawa kaɗan-kaɗan cikin zamani mai tsawon da hankali ba ya iya riƙewa. Malamin, wani dattijo ɗan Sudan mai fara'a, ya haska mana hoto a bango. Ga ƙasusuwan hannun mutum, ga na ƙafar gaba ta dabba, ga na fiffiken tsuntsu, a jere. Ya ce wannan ce hujjarsu, wai kamanni. Amsa kuwa a bayyane take, Mai ginin ɗaya ne, dole gini ya yi kama. Wani daga bayan aji ya ce in daga biri muke, me ya hana sauran birai zuwa jami'a? Aka kwashe da dariya, aka wuce babi na gaba.

Ni ban yi dariya ba, don ni ba hoto na gani a bangon nan ba. Abin da na taso ina rabawa da wuƙa na gani. Amsar malamin ta zauna min, ban musa ta ba. Amma muna fitowa sai wani abu ya faɗo min a rai. A bayan ƙafar akuya da rago da sa, sama da kofato, akwai wasu 'yan kofatai biyu a rataye. Ba sa taɓa ƙasa, ba sa ɗaukar nauyi. Tun ina yaro nake fille su ina jefa wa karnuka. Da na bincika, sai na ga waɗancan mutanen suna cewa ragowar yatsu ne da kakannin dabbar suka taɓa tafiya a kansu. Mu kuma me muka ce? Na duba littafinmu ciki da bai, ba mu ce komai ba.

Abin ya bi ni kamar ƙaya a tafin ƙafa. In tashi asuba, in yi sallah, in tafi aji, in ci ful da burodi da hantsi, in dawo cikin ranar da ke narkar da kwalta, tambayar tana nan. In an ɗauke wuta ɗaki ya zama tanda, sai in fita wurin mai shayi a bakin titi, in zauna kan 'yar kujerar igiya in yi ta karatu a waya. Kada wani ya ɗauka na karanta na sallama musu. Su ma na same su da wuraren da suke tsallakewa da gudu, kamar yadda malaminmu ya tsallake nawa. Har yau ban ga wanda ya gamsar da ni yadda abu marar rai ya wayi gari da rai ba, ko yadda irin ƙwaƙwalwar da nake fasa kan rago in ciro ta zama a kan mutum abin tunani da kunya da tsoron Allah. Ban taɓa shakkar Wanda ya yi ni ba. Ban taɓa shakkar abin da aka faɗa mana game da ubanmu na farko ba. Abin da na kasa shi ne in ce na san yadda aka yi sauran, ko in ce dariyar da aka yi a aji amsa ce. Na ji tsoro ƙwarai a watannin nan. Na yi ta roƙo a sujada a cire min abin, ba a cire ba.

Wata Juma'a aka yi mana farfesun ƙafar akuya. Muna zagaye da siniya ana ta tsotsar ƙashi, sai hannuna ya faɗa kan wata ƙafa da mai girkin bai fille mata 'yan kofatan ba. Na ɗaga ta sama.

"Jama'a, ku masana ne," na ce. "Waɗannan biyun, aikin me suke yi?"

Wani ya ce ado ne. Wani ya ce hikimar Allah ce, ba sai na sani ba.

"Na yarda hikima ce. Amma in hikimar ita ce dā yatsu ne, aka rage su a hankali da izninSa, wa ya ce ba zai iya ba?"

Abokin ɗakina ya mintsine ni a gwiwa. Shugaban mez ɗin, wani Bazazzagi da ya girme mu, yana digiri na biyu, muna kiransa Amir, ya ajiye ƙashin da ke hannunsa.

"Malam, ka san maganar su wa kake maimaitawa?"

"Na sani. Tambaya nake, ba fatawa nake bayarwa ba."

"Akwai tambayar da ba a yi a kan abinci."

"To a ina ake yin ta? A aji dariya aka yi."

Aka ƙarasa cin abincin ba mai ko tari, kuma a karon farko ba wanda ya turo min ɓargo.

Kafin mako ya zagayo maganar ta kewaye gidan, ta yi ƙiba a hanya. Wanda bai zauna a siniyar ba ma ya ji wai na ce kakana biri ne. Wata rana na dawo daga aji na tarar an ajiye min ayaba a kan matashin kaina. Na ɗauke ta na fito tsakar gida, na zauna inda kowa zai gan ni, na ɓare ta na cinye, na ce Allah ya saka wa mai kyautar, gobe ya ƙaro biyu. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai.

Sallah na matsowa aka sayo rago. Ni na zaɓe shi a bakin titi kamar kowace shekara, na duba haƙora, na taɓa ƙugu, na leƙa ido. Aka ɗaure shi a jikin darbejiya, ni ke ba shi ruwa da ciyawa. Ana jibi Sallah, bayan la'asar, Amir ya ce in ɗan tsaya. Muka zauna a barandar masallacin gidan, mu biyu. Zan faɗi gaskiyarsa, ba mugu ba ne. Ya sha ɗaukar marasa lafiya zuwa asibiti a bayansa, kuma a ranar na ga maganar tana yi masa nauyi.

"Ɗan'uwa, ba wanda ya kafirta ka. Ina so ka riƙe wannan."

"Na riƙe."

"Amma zukata sun ƙi kwanciya. Layya ibada ce, ba walima ba. Wasu sun same ni sun ce ba za su iya cin yankan da suke da shakka a kansa ba."

"Shakkar me, Malam? Na fasa sallah ne? Yanzun nan a sahu kafaɗata na gogar taka."

"Ka san abin da malamai suka ce game da yankan wanda ya..."

"Ƙarasa mana. Faɗi kalmar."

Bai faɗa ba. Ya ce akwai mafita mai sauƙi. Gobe bayan la'asar in miƙe gaban jama'a in ce na bincika na gane maganar nan ɓata ce daga farkonta har ƙarshenta, kuma babu sauran shakka a zuciyata. Magana ce ta numfashi ɗaya, in ji shi. Sai in yanka ragona kamar yadda na saba.

"Zan miƙe," na ce. "Zan yi kalmar shahada har a ji ni a titi. Zan ce Allah ne ya halicci komai, babu abokin tarayya. Amma ba zan ce babu tambaya a zuciyata ba, don akwai."

"Ko don a zauna lafiya?"

"Malam, in na yi muku ƙarya gobe don ku ba ni wuyan rago, jibi da me za ku gaskata na yi bismillah?"

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Sannan ya ce, "To, za mu nemi wani."

Da na koma ɗaki abokina ya riga ya ji. Ya zauna a bakin gadona, abin da bai saba yi ba, ya yi ta lallashina kamar ƙaninsa. Ya ce girman kai ne ke damuna. Ya ce kowa na da abin da yake haɗiyewa, shi ma akwai abubuwan da bai gane ba, ya rufe bakinsa, kuma bai mutu ba.

"Ka faɗa musu kawai," ya ce. "Allah ya san zuciyarka."

"Shi ya sa ba zan faɗa ba."

Ya tashi ya ɗauki butarsa ya fita. Washegari bayan la'asar mutane suka ƙi watsewa daga masallaci, suna satar kallona. Na idar da nafilata, na ɗauki takalmana na wuce ta gabansu.

Ranar Sallah muka dawo daga idi cikin fararen jallabiyoyi, ana ta rungumar juna ana yafe wa juna. Ni ma an rungume ni, wasu da hannu ɗaya. Ina shiga ɗaki sai ga Amir a bakin ƙofa, yana murza hularsa. Wai wuƙar mez ta dakushe, ko zan ara musu tawa.

Da farko na ɗauka wasa yake. Wato wuƙar Musulma ce, hannun ne ake shakka.

"Malam, wuƙar nan da hannun nan tare suka zo daga gida. Ba a aron ɗaya a bar ɗaya."

Bai ja ba, ya juya. A ranar Sallah titunan Khartum cike suke da masu yawo da wuƙa da gatari suna neman aikin yanka. Suka kira ɗaya daga cikinsu. Na tsaya a taga ina kallo. Mutumin ya iya aikinsa, ba zan ci masa zarafi ba. Ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa game da ƙafar akuya, ko ma ya tambaye shi daga ina ya fito. Duk wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne wanda na ga ya durƙusa ya riƙe ƙafafun ragon, abokin ɗakina ne. Na naɗe wuƙata a ƙyallenta, na sa a jaka, na fita.

Akwai wata tsohuwa a can gefen Omdurman da nake kira Hajja. Bahaushiyar Sudan ce, iyayenta ma a nan aka haife su, fari da rashi suka koro su daga ƙauye zuwa birni. Gyaɗa take soyawa tana sayarwa a tasha. Mun haɗu ne wata rana a mota, na ji tana zazzaga wa kwandasta masifa da Larabci tana ƙarasawa da Hausa, na sa baki, daga nan na zama ɗan gida. Ɗanta yana arewa wurin haƙar zinariya, gidan daga ita sai surukarta. Tun kafin Sallah ta ce in na gama da ragon 'yan makaranta in zo in yanka mata taurenta, ko da yamma ne.

Motoci sun yi wuya a ranar. Na taka har Suk al-Shabi, kasuwar da kullum ba masaka tsinke, na tarar da ita wayam. Da ƙyar na samu wata a-kori-kura da ta tsallaka gada da ni. Ko'ina ka duba jini ne a ƙofar gidaje, da hayaƙin gawayi, da yara cikin sababbin kaya. Ni kaɗai ne a bayan motar, rungume da jaka, ina ta maimaita a raina maganganun da ya kamata in faɗa wa Amir ban faɗa ba.

Hajja ta yi mamakin ganina da wuri. Taurenta na ɗaure a gindin katanga. Kafin in kwance wuƙar na ce mata akwai maganar da ya kamata ta sani, don dabbarta ce, ibadarta ce.

"Hajja, 'yan makaranta sun hana ni yanka. Sun ce suna shakkar yankana."

"Laa ilaha! Ka bar sallah, ya waladi, ɗana?"

"Ban bari ba."

"Kana shan wani abu?"

"Ba na sha."

"To me ka yi?"

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Na kama ƙafar tauren na nuna mata 'yan kofatan, na fara zancen yatsu da dogon zamani. Ta saurare ni da baki buɗe, sannan ta juya ta ce wa surukarta da Larabci yaron nan karatu ya taɓa shi.

"Kai ma da neman magana," ta ce. "Allah ya rataya abinsa, ina ruwanka? Yalla, maza, rana tana yi, kwayyis, ba komai, yanka min."

Ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Ta yarda da ni ne don ba ta ga abin tambaya a wurin ba, su kuma can sun ƙi ni don sun gani. Amma aiki aiki ne. Na ba tauren ruwa, na juya masa baya na gyara bakin wuƙar inda ba zai gani ba, na kwantar da shi ya fuskanci alƙibla. Matan biyu suka riƙe ƙafafu. Na ce Bismillahi Allahu Akbar, da ƙarfin da har maƙwabta suka leƙo ta saman katanga. Idona ya cika, na ce hayaƙin gawayi ne.

Na feɗe, na rarraba. Da na zo kan ƙafafu na fille 'yan kofatan kamar yadda na saba, na juya ɗaya a tafin hannuna. Kofaton bai ba ni amsa ba a ranar ma. Surukar Hajja ta soya nama da albasa, muka ci tare a inuwa. Da zan tafi Hajja ta cika min wani faranti mai murfi, ta ce in kai wa abokaina. Na ce a ƙara min hanta.

Na iso gida bayan la'asar. Tsakar gida cike take, an gama cin na rana ana shan shayi a gindin darbejiya, fatar ragon na shanye a kan igiya. Na yi sallama na wuce ɗaki da farantina. Abokina yana kwance yana kallon rufi. Ya tashi zaune da ya gan ni.

"Ina ka shiga? Na ajiye maka naka, ga shi can a rufe."

"Na gode. Ni ma na kawo maka." Na buɗe farantin, ƙamshi ya cika ɗakin. "Yankana ne. Ga hanta."

Ya dubi naman, ya dube ni. Sannan ya tashi a hankali ya tura ƙofa, ya sa sakata. Ya dawo ya durƙusa gaban farantin, ya naɗe hannun riga.

"Wallahi ni ban taɓa shakkar yankanka ba," ya ce da muryar raɗa. "Ka sani. Bismillah, zauna mu ci."

Na so in zauna. Allah ya sani ban taɓa son wani abu kamar yadda na so in zauna a lokacin ba. Tun safe abin da nake jira ke nan, ya sa hannu a abin da na yanka. Amma idona ya ƙi barin sakatar nan.

"Me ya sa ka rufe ƙofa?"

"Haba, ka san mutane."

"Giya na kawo?"

"Don Allah kada ka mai da abin wani abu."

"Naman layya ne. Da sunan Allah na yanka shi, da rana tsaka, maƙwabta suna kallo. In halal ne, a waje za mu ci shi inda muka saba. In ba halal ba ne, kada ka ci ko a ɗaki."

"Ni nan zan zauna da su bayan ka gama fushinka," ya ce. "Kai ba ka tunanin kowa sai kanka."

Wataƙila ya yi gaskiya. Na mayar da murfin, na zare sakatar, na fita da farantin.

Hira ta tsaya da suka gan ni. Na nemi gefen tabarma a gindin darbejiya, daidai inda muke zama, na ajiye farantin na buɗe. Na ɗaga murya kamar yadda ake yi a garin in za a ci abinci.

"Bismillah, jama'a. Yankana ne, na faɗa tun da wuri. Mai so ya matso."

Wani ya ce alhamdu lillahi, sun ƙoshi. Wani ya tuna yana da kira a waya. Amir ya ce Allah ya karɓi ibada, ya ci gaba da juya cokali a kofinsa. Ba wanda ya matso. Na waiwaya, na ga abokina tsaye a bakin ƙofar ɗakinmu, hannun rigarsa har yanzu a naɗe.

Na raba naman biyu da yatsana, na tura hantar ɓangarensa. Na yi bismillah a bayyane, na fara ci. Na ci a hankali, ban sunkuyar da kai ba, duk wanda ya kalle ni na kalle shi. Na cinye gabana tas, na suɗe yatsuna.

Gabansa na bar masa. Na zauna a wurin ina kore masa ƙudaje har kitsen ya daskare, har aka kira magariba. Yana tsaye a bakin ƙofar, bai shiga ba, bai fito ba.